Filin Kiɗa Da Waƙa: A Kafa Gindin Waƙa Kafin A Kunna Na'ura

A zamanin da, idan mawaƙi yana so a ɗauki muryarsa, sai ya yi tattaki zuwa gidan rediyo ko kamfanin faifai, ya jira ranar da aka yanka masa, ya zo da makaɗansa da 'yan amshinsa su jeru gaban makirufo, su rera waƙar daga farko har ƙarshe a tashi ɗaya. In wani ya yi tuntuɓe a tsakiya, to, sai a koma farko. Saboda haka ba mai zuwa wurin ɗauka sai wanda waƙarsa ta riga ta nuna, an yi ta a gidan biki da ƙofar fada har ta zauna a bakin kowa cikin ƙungiya.

Yau al'amarin ya juya. Saurayi a Fagge ta Kano, ko Agege ta Ikko, ko Sabo ta Ibadan, yana iya ajiye kwamfuta da makirufo da 'yar fiyano a ƙuryar ɗakinsa, ya ɗauki waƙa da dare, gari na wayewa ta shiga wayoyin jama'a. Lalle wannan ci gaba ne. Sai dai duk mai sauraro da kunnen basira ya san da yawa daga cikin waƙoƙin da ke fitowa daga irin waɗannan ɗakuna sukan mutu a makon da aka haife su. Ga sauti garau, ga murya mai zaƙi, amma in an gama ji ba abin da ke saura a ka. Masu su kuwa sukan ɗora laifi a kan kayan aiki, su ci bashi su sayi sabon makirufo, waƙa ta gaba ita ma ta bi sawun 'yar'uwarta. Alhali kuwa ciwon yana wajen ginin waƙar, tun kafin a kunna na'ura. Abin da wannan fili zai duba ke nan a wannan mako.

Ƙarancin kaya bai taɓa kashe waƙa ba

A shekarar 1979 kamfanin TEAC na ƙasar Japan ya fito da wata na'ura mai suna Portastudio, wadda ke ɗaukar layi 4 na sauti a kan kaset irin wanda kowa ya sani. Watau mutum shi kaɗai a ɗakinsa yana iya ɗaukar ganga a layi na ɗaya, ya komo ya ɗora jita a na biyu, murya a na uku, amshi a na huɗu. Da irin wannan na'ura ce mawaƙin nan na Amurka, Bruce Springsteen, ya ɗauki waƙoƙin kundinsa mai suna Nebraska a gidansa, aka fitar da shi a 1982. Nufinsa na farko gwaji ne kawai da zai nuna wa makaɗansa. Da suka shiga babban situdiyo suka sake ɗauka, sai aka ga na kaset ɗin nan ya fi rai, shi aka kai kasuwa. Kazalika a 2020 Billie Eilish ta karɓi lambar Grammy ta kundin shekara da waƙoƙin da ita da wanta Finneas suka ɗauka a ɗakin kwanansa, a gidan iyayensu da ke birnin Los Anjeles.

Ba ma sai an tsallaka teku ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi sana'arsa, ba makaɗa a bayansa, ba 'yan amshi, amma har yau ana tuna Karen Mota.

Mai layi 4 dole ya yanke shawara tun da wuri, domin ba shi da wurin zuba shirgi. Manhajojin yau kuwa, irin su FL Studio da Cubase, suna ba mutum layuka iyakar abin da kwamfutarsa za ta iya ɗauka, da ɗaruruwan sautuka a jere. A nan tarkon yake. Sai yaro ya sami wani ɗan guntun kiɗa mai daɗi yana maimaita kansa, ya kwana yana ƙara masa ado, gari ya waye yana da kiɗan daƙiƙa 20 wanda bai san inda zai nufa da shi ba. Daga nan sai ya miƙe shi ya kai minti 5, ya nemi kalmomin da zai cusa a kai. Wannan shi ne ɗora jinka kafin a tayar da bango.

Gindi da ɗiya

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun daɗe da bayyana yadda makaɗan Hausa ke tsara waƙa. Akwai gindin waƙa, watau ɗan taƙaitaccen zancen da ake buɗe waƙa da shi, ake kuma komowa gare shi a kai a kai. Sa'an nan akwai ɗiyan waƙa, waɗanda jagora ke jerawa tsakanin gindi da gindi. Akwai kuma rauji, watau hawa da saukar muryar da ke ɗauke da kalmomin. Wanda ya saurari marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, zai ji yadda 'yan amshinsa ke riƙe da gindi ɗaya ba sa sakinsa, shi kuwa yana yawo a kai yadda ya ga dama. A wajen marigayi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, 'yan amshi har karɓar zance suke yi daga bakin jagora su ƙarasa shi. Hanyoyin sun bambanta, amma duka a kan gindi suke tsaye.

To, aikin farko na mai ɗaukar waƙa a gida shi ne ya rufe kwamfuta, ya zauna da bakinsa da tafin hannunsa. Ya tambayi kansa, shin waƙar nan a kan me take magana? In bai iya ba da amsa cikin jimla ɗaya ba, waƙar ba ta nuna ba tukuna. Waƙa ɗaya jigo ɗaya take ɗauka. Wadda ta fara da begen masoyi, ta ratsa ta tsadar rayuwa, ta ƙare da habaici ga mahassada, waƙoƙi uku ne aka ɗaure da igiya ɗaya.

In jigo ya tsaya, sai a nemi gindi. Gindi nagari gajere ne, layi biyu zuwa huɗu, kuma a cikinsa ne sunan waƙar yake. Gwajinsa mai sauƙi ne: a rera shi sau biyu gaban ƙane ko ƙanwa a tsakar gida, ba kiɗa, ba tafi. In bayan an ci abinci an ji yaron yana rerawa shi kaɗai, an samu. In kuwa ya manta, babu fiyanon da za ta ceci wannan gindi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Su kuma ɗiya, kowane da aikinsa. Na farko ya gabatar da wanda ake magana a kansa da halin da ake ciki. Na biyu ya kawo abin da na farko bai faɗa ba, ko wani labari, ko wani dalili, ko amsar ɗaya ɓangaren in waƙar ta mace da namiji ce. Na uku, in akwai shi, ya ɗaure zance. Babban aibin da ake yawan ji shi ne ɗa na biyu ya zama na farko ne aka sauya wa riga. Mai sauraro yana ganewa nan take, a nan ne kuma yatsansa ke kai wa ga waya.

Taswirar waƙa

Magini ba ya haƙa harsashi sai ya ja layi a ƙasa. Haka mai waƙa ya kamata ya ɗauki takarda ya zana waƙarsa kafin ya ɗauki ko da bugu ɗaya. A manhajar ɗaukar sauti, galibi ana lissafa bugu 4 a matsayin awo ɗaya. In an sa saurin kiɗa a kan bugu 100 a minti, awo ɗaya zai ci daƙiƙa 2.4. Ga misalin taswira: shimfiɗa awo 4, gindi awo 8, ɗa na farko awo 16, gindi 8, ɗa na biyu 16, gindi 8, juyi 8, gindi na ƙarshe 8, rufewa 4. Jimla awo 80 ke nan, watau minti 3 da daƙiƙa 12. Ba wai dole kowace waƙa ta bi wannan tsari ba ne. Amfaninsa shi ne mutum ya ga tsawon kowane sashe da idonsa, ya san inda waƙar ta yi tumbi da inda ta rame.

Abin da aka kira juyi a nan shi ne ɗan sashen da ke zuwa bayan gindi na biyu ko na uku, inda ake sauya rauji ko a sassauta kiɗa, domin kunne ya huta kafin gindi ya komo da ƙarfinsa. Ba kowace waƙa ke bukatarsa ba, amma wadda ta haura minti 4 ba tare da wani sauyi ba takan gundiri mai sauraro.

Game da tsawo, a tuna cewa waƙar dandali daban, waƙar ɗauka daban. Makaɗi a gidan biki yana iya shafe rabin sa'a a kan waƙa ɗaya, domin mutanen da yake ambata suna gabansa, suna tasowa suna yi masa kari. Wanda ke sauraro a waya cikin mota ba ya cikin wannan taro. Tsohon faifan garmaho mai inci 10 kimanin minti 3 yake ɗauka a kowace fuska, mawaƙan wancan zamani kuma suka koyi faɗin abin da za su faɗa cikin wannan ɗan lokaci. A yau ma akwai wani awon: Spotify, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2021, ba ya lissafa cewa an saurari waƙa sai an ji daƙiƙa 30 daga cikinta. Wanda ya cika daƙiƙa 30 na farko da kiɗa zalla, da kirarin situdiyo, da gaishe-gaishen iyayen gida, ya kori baƙonsa tun daga zaure. Gaisuwa da godiya suna da muhallinsu, amma a kai su ƙarshe. A nan kuwa al'adar makaɗan Hausa ta buɗe waƙa da gindi ta dace da wannan zamani ƙwarai, domin tun a numfashin farko mai sauraro ya san abin da aka kira shi ya ji.

Yadda ake ɗora bulo

In taswira ta kammala, sai a kunna na'ura. Abu biyu ake fara tsayarwa: sauri da matsayin murya. A gwada waƙar a kan sauri iri uku, a zaɓi wanda kalmomi ke fita a cikinsa ba tare da haki ko jan ƙafa ba. Sa'an nan a nemi wurin da rauji ya fi hawa sama, wanda galibi a gindi yake, a tabbata muryar mawaƙi tana kaiwa can ba tare da ta shaƙe ba. Kiɗa ake saukarwa ko a ɗaga domin mawaƙi. In aka yi sakaci da wannan har aka gama ɗora kaya, gyaran zai zama rushe gini.

A kula kuma, da yawa daga cikin kaɗe-kaɗen gargajiya suna tafiya ne a kan kashi uku-uku, alhali manhaja in an buɗe ta a kan huɗu-huɗu take. Wanda ya tsiro da waƙarsa a kan takin kalangu ko na ƙwarya irin na amada, ya kuma tilasta mata shiga huɗu-huɗu, zai ji ta tana ɗingishi bai san dalili ba. Manhaja tana da wurin sauya wannan, sai a sauya.

Daga nan a ɗauki muryar gwaji daga farko har ƙarshe, da fiyano ko tafi kawai a ƙarƙashinta. Wannan murya ita ce igiyar magini, kowane abu da ita zai daidaita. Sai ganguna, sai bes, watau sautin nan mai kauri da ke tafiya tare da babbar ganga. Bayansu sai abin da ke riƙe da rauji, fiyano ko jita ko gurmi. Ado irin na sarewa da goge shi ne na ƙarshe. Duk abin da za a ƙara, a tambaya: in an cire shi, waƙar za ta yi rashi? In amsar a'a ce, a cire.

Sirrin da ke sa waƙa ta yi ta hawa shi ne ƙari da ragi. Ɗa na farko a bar shi da kaya kaɗan, ganga da bes da abu ɗaya. In gindi ya zo a buɗe masa, 'yan amshi su shigo, kiɗa ya cika. A ɗa na biyu a koma baya, amma a shigo da abu ɗaya sabo wanda ba a ji a na farko ba. Gab da gindi na ƙarshe ana iya ɗauke ganguna gaba ɗaya na awo ɗaya ko biyu, murya ta tsaya ita kaɗai, sa'an nan kome ya faɗo tare. Wanda ya zuba duk kayansa tun a awo na farko ba shi da sauran abin da zai ba mai sauraro a minti na uku.

Akwai kuma ladabi tsakanin murya da kayan kiɗa. Fiyano da jita da sarewa duk a matsayin sauti ɗaya suke zaune da muryar ɗan Adam, in suka yi magana tare sai su danne ta. Makaɗan kalangu na gaske sun san wannan: in jagora yana magana sukan riƙe taki, in ya ja numfashi sa'an nan kalangu ya ba da amsa. Haka ya kamata a yi wa sarewar da ke cikin kwamfuta.

Haƙƙin harshe

Hausa harshe ne da ke bambanta dogon wasali da gajere, yana kuma da karin sauti. Garin da ake zaune a ciki daban yake da garin da ake tuƙa tuwo da shi, haka wuyan da ke ɗauke da kai daban yake da wuyar da ake sha, ko da yake a rubuce kusan ɗaya suke. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, mai nauyi ta sami lokaci mai tsawo, mai sauƙi ta sami gajere. Idan aka sayo ko aka kwaso kiɗan da aka ƙera domin wani harshe, aka ce dole kalmomin Hausa su shiga cikinsa, sai a ji an ja gajeren wasali an datse dogo, ma'ana ta karkace, Bahaushe ya ji waƙar da harshensa amma kamar baƙo ne ke yi. Magani shi ne a karanta kowane layi da baki kamar ana zance, sa'an nan a rera shi. In rerawar ta saɓa wa zancen, ko a sauya kalma ko a gyara rauji.

Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, tana gyara muryar da ta kauce wa rauji kaɗan. Ba ta gyara gaɓar da aka karya, ba ta kuma sa wa murya shauƙin da mai ita bai zo da shi ba. In an matsa ta da yawa, sai muryoyin mawaƙa goma su koma kamar ta mutum ɗaya, alhali abin da mawaƙi ke da shi wanda ba mai iya saye a kasuwa shi ne muryarsa.

Ɗaki da kunne

Sai an gama duk wannan ake ɗaukar murya ta ainihi. Ɗakin siminti wanda ba kome a cikinsa yana mayar da amsa-kuwwa, makirufo kuwa ba ya ɓoye ta. Katifa a jingine bayan mawaƙi, labule mai kauri, darduma a ƙasa, da tufafi a rataye, sun fi kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango amfani nesa ba kusa ba. A kashe fanka, a nisanta janareta, a zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru. Tsakanin baki da makirufo a bar kamar taƙi ɗaya. Kada a cika ƙarfin ɗauka har alamar ta yi ja, domin muryar da ta fashe a wajen ɗauka ba ta ɗinkuwa. A rera waƙar sau uku ko huɗu cikakkiya, a zaɓi mafi kyau a kowane sashe. Ɗaukar layi ɗaya ɗaya yana ba da murya mai tsabta, amma sau da yawa yakan yanke zaren da ke ɗaure waƙar. Amshi kuma, in da hali, a kira mutum biyu ko uku su yi, domin muryoyi mabambanta sun fi muryar mutum ɗaya da aka ninka.

In an haɗa sauti, kada a yanke hukunci a daren. Kunnen da ya sha waƙa ɗaya sa'a shida ya daina gaya wa mai shi gaskiya. A kwana, a saurare ta da safe a ƙaramar waya, wadda ba ta fitar da bes sosai, sa'an nan a mota, sa'an nan a babbar lasifika irin ta gidan biki. In ana jin kowace kalma a duka ukun, aiki ya yi. Daga nan a kunna ta ga wanda ba ya jin kunyar mai waƙar, a lura da fuskarsa. Wurin da ya fara waige-waige, nan ne za a sa almakashi. Kada kuma a manta da ajiye kwafin aikin a wuri biyu, domin wutar lantarki da kwamfuta ba su da alkawari.

Daga ƙarshe, waƙa tana da ranar gamawa. Wanda ya shafe wata shida yana juya waƙa ɗaya, da ya gama shida a wannan lokaci da ya fi ƙaruwa, domin hannu da kunne a wajen gamawa suke koyo. Na'ura baiwa ce ga samarin wannan zamani, wadda su Shata ba su samu ba a ƙuruciyarsu. Abin da su kuma suka riƙe, watau gindi mai ƙarfi, da ɗiya masu ma'ana, da sanin lokacin da kiɗa zai yi shiru, yana nan a faya-fayansu ga duk mai son koyo, kyauta. Saurayin da ya haɗa biyun, ɗakinsa ya ishe shi. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.